Rubutu cikin littahi: abin da aji da zaure suka koya mani

Duk rantire in Oktoba ta kama sai maganar nan ta dawo, uba ya zo da littattahai sabbi ko na hannu an naɗe su da leda ko takardar siminti, abu na farko da zai ce ma yaro a gabana shi ne "kar in ga ko ɗigon bik a ciki", yaron kuma yana fita ƙofar lakwal zai tsaya wajen mai tebur ya sayi Stabilo, alƙalamin nan na shafa ma rubutu kala, rawaya ko kore. Ni mushe ne, lissahi nake koyarwa a wani CEG nan cikin Maradi, da marece ina yi ma 'yan BEPC da 'yan BAC ƙarin karatu a gida, kuma tun ina yaro ban bar zaman zaure ba wajen malaminmu bayan sallar asuba. Wuraren nan biyu su suka tsayar da ni kan ra'ayi guda, wato a yi rubutu cikin littahi in dai naka ne, amma ya zama magana ce ta fito daga kanka wadda za ta amfane ka ta amfani wanda littahin zai faɗa hannunshi bayanka. Shafa kala kuwa gaskiya ban ga abin da yake tsinana ma yaranmu ba.

Stabilon nan wani kamfanin Jamus ne ya fito da shi a 1971, kuma ba laihinshi ba ne, an yi shi don mutum ya gano wuri da sauri cikin takardu. Abin da ya zama a hannun ɗalibai shi ne damuwata. Yarinya za ta buɗe littahin SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, ko na tarihi ka ga shahi gaba ɗaya rawaya tun daga sama har ƙasa, taken darasi ma an shafe shi, lambar shahi kaɗai ta tsira. In ka ce to rufe littahin ki faɗa mani abin da ke ciki sai ta ce "Mushe wallahi na san wurin, yana sama ta hannun dama, na ma sa mishi kala." Kuma ba ƙarya take ba, ta san wurin ƙwarai, idonta ya saba da shi, in ta sake gani za ta ji kamar ta iya. Amma ranar jarrabawa ba a ba ka shahin a ce ka taɓa ganin wanga ko, farar takarda ake miƙo maka a ce fito da abin daga kanka. Abin da ke ba ni tausai shi ne yaran nan ba malalata ba ne, yarinyar ta zauna har tsakar dare da tocila ko hasken salula, hannu na ta aiki, don haka zuciyarta ta natsu cewa ta yi karatu, alhali ba ta tsaya ko sau ɗaya ta tambayi kanta mi layin nan yake nuhi ba.

Ba ni kaɗai na lura da haka ba. A 2013 wani malamin jami'a a Amurka, John Dunlosky, shi da abokan aikinshi sun tattara binciken da aka yi a kan dabarun karatu guda 10 da ɗalibai ke amfani da su, suka auna su. Ja layi da shafa kala ya faɗa cikin masu ƙaramin amfani, haka ma maimaita karanta shahi sau da sau. Biyun da suka zo sama su ne mutum ya riƙa gwada kanshi da tambayoyi ba ya duba littahi, da kuma ya rarraba karatun a kan kwanaki maimakon ya haɗiye shi dare ɗaya. Tambayar kai "don mi haka?" da yi ma kai bayani suka samu matsakaicin matsayi. Da na karanta wannan abin da ya faɗo mani shi ne makarantar allo, domin a can ba a wanke ma yaro allo don ya kalle shi da yawa, sai ya zo gaban malam ya biya, kuma tishi ba ya wuce shi, karatun jiya da na shekaranjiya sai an koma musu. Mu ne muka shiga lakwal muka bar wannan a ƙofa.

To amma wanda ya ce kar a taɓa littahi da alƙalami sam, shi ma ina ganin bai duba inda muka fito ba. Duk wanda ya zauna zaure ya ɗauki Ahlari, Ishmawi, Iziyya, ya hau Risala, ya san yadda abin yake. Malam na karanta Larabci yana fassarawa da Hausa gaɓa gaɓa, ɗalibi na riƙe da littahinshi a cinya, in aka zo kalma mai wuya sai ya duƙa ya rubuta ma'anarta da ajami ƙanana ƙanana a ƙarƙashinta, in malam ya kawo wani bayani da ba ya cikin littahin sai a kai shi gefe, wani lokaci rubutun ya karkace ya bi bakin takarda har ya zagayo sama don wuri ya ƙare. Ba wanda ya taɓa cewa ɗalibin ya ɓata littahi. Hasali ma in ka ga Risalar dattijo fes ba ko ɗigo sai ka yi tunanin ko bai ɗauke ta gaban malami ba. Akwai wata magana da malamai ke yawan kawowa, cewa ilimi abin farauta ne, rubutu shi ne dabaibayinshi, kuma a zaure ba a cikin kaye kaɗai ake ɗaure shi ba, a jikin littahin ake ɗaurewa, kusa da kalmar da ta jawo bayanin.

Manyan littattahan fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke jingina da su ma haka aka gina su, hawa kan hawa. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya rubuta Risala, ya rasu a 996, aka zo aka yi mata sharhi mai suna Kifayatuɗ Ɗalib, sannan Shehu Adawi na Masar ya yi hashiya, wato ƙarin bayani, a kan sharhin. Muhtasar na Halil, wanda muke ce ma Askari, Shehu Dardir ya yi mishi babban sharhi, Dasuƙi da ya rasu a 1815 ya yi hashiya a kan sharhin Dardir. In ka buɗe irin bugun nan na takarda mai ruwan ɗorawa za ka ga shahi guda ya ɗauki mutum biyu ko uku, wani a tsakiya wani a gefe, kowa na warware inda na gabanshi ya dunƙule, wani wurin ma ya ce a nan akwai abin dubawa. Wanga fanni gaba ɗaya daga bayanin gefen takarda ya taso. A Yamai cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni tana ajiye da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, Boubou Hama ne ya soma tara su, kuma masu aiki a kan irin takardun nan, na nan da na Tambutu, suna ba rubutun gefe muhimmanci sosai don a nan ake samun sunan mai littahi da wanda ya kwafa da wanda aka karanta a wajenshi. A Barno akwai tsofaffin Alƙur'anai na hannu da malamai suka rubuta bayani da tsohon yaren Kanembu tsakanin layuka, yau da su masana ke sanin yadda yaren yake ɗaruruwan shekaru baya. Da sun bi dokar "kar in ga ɗigo" da duk wannan ya tahi tare da su kabari.

A fannina ma akwai labarin da nake ba 'yan tarminal. Wajen 1637 wani alƙali a Faransa mai son lissahi, Pierre de Fermat, yana karanta tsohon littahin Diophantus sai ya rubuta a gefe cewa ya gano hujjar wata ƙa'ida amma gefen ya yi mishi kaɗan. Bayan ya mutu ɗanshi ya buga littahin tare da rubutun gefen a 1670, masana lissahi suka yi ta fama da maganar har 1994 da Andrew Wiles na Ingila ya kammala hujjar. Layi biyu uku ne a bakin takarda fa.

Duk da haka ban taɓa raina maganar iyaye ba, kuma duk mushen da ya raina ta bai san Maradi ba. A nan littahi ba na mutum ɗaya ba ne. Uba ya sayi na lissahi da ƙyar, wa ya yi shekara da shi, ya sauka hannun ƙanwa, daga nan ɗan maƙwabci, in da sauran rai a kai shi kasuwa a sayar a cika a sayi na aji na gaba. Na Larabci ma da ke zuwa daga Kano ta Katsina da Jibiya da Dan Isa ba arha suke ba yanzu. In Alhaji ya ce kar a ɓata littahi, ƙannen yaron yake tunani, kuma yana da gaskiya. Inda muka rabu da shi kawai shi ne mi ake kira ɓatawa. Wani uba ya taɓa tsare ni a ƙofar gida bayan la'asar ya ce "Mushe, kai ne ka ce ma yaron nan ya riƙa zane-zane cikin littahi?" na ce "Alhaji Allah shi ba ka haƙuri, bari ya ɗauko mu duba tare." A shahin da aka buɗe yaron ya rubuta da kiriyo a gefe, (a+b)² ba a²+b² ba ne, gwada da 2 da 3, ɗaya 25 ɗaya 13, kar ka manta 2ab. Na ce Alhaji kuskuren nan rabin aji ke faɗawa cikinshi kowace shekara, ƙanwarshi in ta iso shahin nan ta tarar an riga an tare mata ramin. Ya yi shiru ya ce to in dai irin wanga ne ba komi, amma ban da bik. A kan bik ɗin nan ni da shi bakinmu ɗaya.

Abin da ke kashe littahi da gaske na gan shi iri iri. Mafi muni shi ne rubuta amsar egzarsis a ƙarƙashin tambaya, ko cike gurbin da aka bari da ɗige-ɗige, don wanda ya gaji littahin an ƙwace mishi damar gwada kanshi, ido ba ya iya ƙin ganin amsa in tana nan, kuma in amsar kuskure ce sai ta bi gida guda kaf daga wa har auta, na sha ganin yara 'yan gida ɗaya shekaru daban daban suna kawo mani kuskure iri ɗaya sak, in na bincika sai in tarar a littahin gado yake zaune. Amsa wurinta kaye ko buruyo. Sai bik, musamman a takarda marar kauri irin ta littattahan zaure, tawada na ratsawa ta ci bayan shahin, ga shi ba gom ɗin da zai ɗauke ta ranar da ka gane abin da ka rubuta ba daidai ba ne. Sai kuma kala mai duhu, kore ko shuɗi ko ruwan hoda, wadda in aka kai littahin fotokopi takan fito da duhu ta dusashe layin da aka so a nuna, kuma kun san a ajinmu littahi ɗaya ne ke haihuwar fotokopin mutum goma sha, to mai Stabilo ɗaya ya cuci sahu guda.

Littahin aro kuwa ba ma sai an yi gardama ba. Na bibliyotek, na aboki, na lakwal da aka raba za a karɓa ƙarshen shekara, na wakahi da ke masallaci, waɗannan amana ce, ko da kiriyo ban yarda ba sai mai shi ya ce ka yi. Na taɓa aro wani littahin fizik a wani ɗakin karatu na tarar an ja layi da jan bik kusan kowane shahi, an rubuta lambar waya da kalaman soyayya a bango, shahin da nake nema ma an yage shi, raina ya ɓaci ƙwarai ranar don littahin kwafi ɗaya ne tak a wurin. Mai son rubutu a littahin da ba nashi ba ya yanki 'yar takarda ya rubuta lambar shahi a samanta ya saƙala a ciki, in zai mayar ya zare abinshi. Alƙur'ani kuma matsayinshi daban, abin da malamai masana suka yi a kwafinsu na hannu ba lasisi ba ne ga kowane yaro mai bik, ni dai ɗiyana na hana su, mai hadda da ke son alamar inda yake tuntuɓe ya tambayi malaminshi yadda za a yi.

Yadda nake koya ma yarana su yi da littahinsu na kansu ba wani abu ne mai wuya ba, wuyar dai haƙuri. Karatun farko hannu ba komi, a bi darasin har ƙarshe tukuna, don wanda bai ga ƙarshen magana ba bai san ina ne muhimmi ba, shi ya sa komi yake zame mishi abin ja ma layi. A zagaye na biyu sai a ɗauki kiriyo. Inda ba ka gane ba ka sa alamar tambaya, kuma wallahi alamar nan ita na fi so a littahin ɗalibi, don yaron da ya zo ya ce "Mushe layi na huɗu ne ban ga yadda aka yi x ya koma can ba" na san ta inda zan kama shi, saɓanin wanda zai ce mani darasin duka bai gane ba. A lissahi marubuta na son tsallake mataki su ce a bayyane yake, to matakin da aka tsallake shi za ka cike a gefe da hannunka. In darasin Thalès ya jingina da wani abu da aka yi baya ka rubuta duba shahi kaza. In ka kama kuskuren bugu, kuma akwai su, ka gyara bayan ka tabbatar wajen mushe. In lalle sai ka ja layi to kalma biyu uku, kuma ka rubuta a gefe dalilin da ya sa ka ja, in ka rasa dalilin da za ka rubuta to layin bai cancanta ba.

Kuma ina ce musu su rubuta da Hausa. Nan ne wasu abokan aikina ba su yarda da ni ba, suna cewa jarrabawa da Faransanci ake yi, yaro ya saba da shi. Na ji, amma Faransancin ai yana nan a shahin ba wanda ya goge shi, abin da nake nema shi ne shaidar cewa maganar ta ratsa kan yaron ta fito. Ɗalibi zai iya kwafe ƙa'idar Pythagore da Faransanci harafi harafi bai san mi ya rubuta ba, amma ba zai iya rubuta "a zane mai kusurwa uku, in kusurwa ɗaya ta miƙe daidai kamar ta bulo, dogon gefen in ka ninka shi da kanshi daidai yake da sauran biyun kowane an ninka shi da kanshi an haɗa" ba sai ya gane. Da Hausa yake tunani tun daga gida, a zaure ma abin da ɗalibi ke yi da Larabci kenan shekara da shekaru kuma bai hana su zama malaman Larabci ba. Bayan an gama duk wannan sai a rufe littahin a juya shi, a ɗauki buruyo a rubuta abin da aka riƙe, a buɗe a gwada, gobe ko jibi a sake. Rubutun gefe shi kaɗai ba ya kai mutum BAC, taimako yake ma wanga matakin.

Yanzu kuma ga PDF da ake turawa ta WhatsApp, 'yan lise da 'yan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da yawa a salula suke karatu. Cutar ɗaya ce, yatsa na ja kala na bi, ko a yi ta ɗaukar hoton shahi har salula ta cika ba a sake buɗe ko ɗaya ba. Su nakan ce su ajiye ƙaramin kaye gefe, sunan takardar da lambar shahi a sama, maganarsu a ƙasa.

Abin da na ƙara a 'yan shekarun nan shi ne zama guda bayan an gama jarrabawa, kafin littattahai su canza hannu. Yaran da nake ma karatun marece kowa ya zo da nashi da gom, mu bi shahi shahi, amsar egzarsis da ta ɓuya a goge, alamar tambayar da aka riga aka warware a rubuta warwarar a gefenta a taƙaice, bayanin da ya karkace in gyara ko a share shi gaba ɗaya don kar ya bi ƙanne. Yana cin lokaci, littahi guda sai ya cinye mana marece. Matsalar da ta fi ba mu wuya ita ce littahin da mutum biyu ko uku suka yi tarayya a kai cikin shekara, rubutu ya cakuɗe ba a san na wane ne abin dogaro ba, sai muka ɗauko dabarar masu hashiya da ke ambaton wanda suka ciro magana daga gare shi, kowa ya sa harafin farko na sunanshi a ƙarshen abin da ya rubuta, wanda kuma daga bakina ya fito a aji a sa mishi M, don in an samu kuskure a san ƙofar wa za a ƙwanƙwasa.